Hotunan bikin ƙanwata sun fito rawaya, fuskar ango kuma ta yi duhu, akwai gyara?

"Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni sabon shiga ne a harkar hoto, wata shida kenan da na sayi kyamara ta hannu. Satin da ya wuce ni na ɗauki bikin ƙanwata, kamu da dina. Da na zuba hotunan a kwamfuta sai na ga na cikin hol duk sun yi rawaya kamar an tsoma su a manja, na ƙarƙashin rumfa kuma fuskokin mutane sun yi kore-kore. Waɗanda ango ke ciki da farar shadda wasu fuskarsa ta yi duhu sosai, wasu kuma rigar ce ta yi fari fat ko aikin wuyan ba a gani. Kyamarar ce ta samu matsala ko ni ne? Kuma akwai gyara ko sai dai haƙuri? 'Yan gida sun matsa min lamba."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ka kwantar da hankalinka, kyamararka lafiyarta ƙalau, duk wanda ya riƙe kyamara a gidan biki ya taɓa shiga irin wannan halin, ni kaina na shiga ba sau ɗaya ba. In na fahimce ka da kyau matsala uku ce ta haɗu maka wuri guda: wani launi ya rufe hoton gaba ɗaya, a wasu hotunan haske bai isa ba, a wasu kuma hasken ya yi yawa har ya cinye rigar. Biyun farko suna gyaruwa sosai. Ta ukun ita ce mai taurin kai, kuma zan gaya maka gaskiya a kanta idan mun zo wurin, saboda bana so ka kwana uku kana wahala a kan abin da ba zai dawo ba.

Daga ina rawayar ta fito

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kowane haske yana da nasa launin. Idonmu ne yake ɓoye mana. Ka riƙe farar takarda a rana ka ga fara ce, ka shiga ɗaki mai jan ƙwan fitila ka kalle ta, har yanzu fara za ka gani, saboda ƙwaƙwalwarka ta riga ta san fara ce sai ta gyara maka ba tare da ka sani ba. Ita kyamara ba ta san komai ba, abin da ya faɗo mata shi take rubutawa. Shi ya sa aka sa mata abin da muke cewa wait balans, wanda za ka ga an rubuta WB a jikin kyamarar, aikinsa kawai ya gaya mata wane irin haske ne a wurin don ta cire launinsa, fari ya fito fari.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Irin ƙwan nan mai ja-ja da ake jerawa a hol don wuri ya yi kyau yana tsakanin 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka wajen 5500, ranar da hadari ya rufe wajen 6500, inuwar gini kuwa tana iya kai 7000 ko sama da haka. Lamba ƙarama haske mai rawaya kenan, lamba babba haske mai shuɗi. Toh kaga idan kyamararka tana zaton rana ce alhali kana cikin hol mai ƙwai 3000, ai dole komai ya fito kamar manja. Ko da ka bar ta a kan otomatik tana yawan kasawa a irin wannan wurin, don ita hasashe take yi, tana duba hoton ta nemi abin da take ganin fari ne ko ruwan toka, idan hol ɗin duk labule ne ruwan gwal da kujeru ruwan gwal da ankon 'yan mata ruwan goro, me za ta kama? Sai ta rikice.

Na ƙarƙashin rumfa labarinsu daban ne. Can ba fitila ba ce, rana ce ta ratsa ta cikin tamfol ɗin rumfar ta ɗauko launinsa ta zuba wa mutane a fuska. Koriyar rumfa kore za ta ba ka, ja ta ba ka ja, mai ratsi-ratsi kuwa ita ce babbar masifa don kowane mutum da nasa launin gwargwadon inda ya zauna. Dogon ƙwan nan na fulorasan da wasu ƙananan ƙwayayen LED masu araha su ma suna zuba kore, haka bango mai koren fenti ko ciyawa idan mutum ya tsaya kusa. Kore ba ya kan layin rawaya da shuɗi, nasa layin daban ne, kishiyarsa ruwan hoda mai duhu da ake kira majenta. Ka riƙe wannan don shi ne duk sirrin gyaran launi: maganin rawaya shuɗi, maganin kore majenta, haka in an juya.

Fuskar ango da farar shadda

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, saboda mu nan wannan matsalar kullum muna tare da ita. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ka nuna mata idan aka cakuɗa shi zai zama ruwan toka matsakaici, wanda masu hoto ke cewa toka mai kashi 18. Sai ga ango ya cika hoton da babbar riga fara sol, ga abokansa su ma farare, kyamara ta ce kai wannan haske ya yi yawa, ta rage, ta mayar da farar rigar toka-toka, fuskar da dama baƙar fata ce sai ta nutse. A wani hoton kuma bayansa duhu ne ko ka auna a kan fuskar, sai ta buɗe sosai don ta haska fuskar, rigar ta ƙone. Shadda mai maiƙo irin gezna ta fi kowace riga wannan halin don tana mayar da haske kamar madubi, musamman in filasha ta doke ta kai tsaye. Tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da baƙar fuska a ƙarƙashin hula tana da faɗi ƙwarai, ido yana iya ɗaukarsu tare, kyamara kuwa da ƙyar.

Kuma ba yau aka fara ba. Zamanin fim, kamfanin Kodak yana aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton baturiya da ake kira katin Shirley, da shi ake saita launi da hasken inji, wato fatar bature ce ma'auni. Sai a 1995 suka fitar da katin da ya haɗa da baƙar mace. Yanzu abin ya yi sauƙi sosai, Google ma sun fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021 saboda wannan maganar, su Tecno da Infinix kuma da ma da hoton baƙar fata suka ci kasuwarmu. Amma duk da haka kyamara ba ta san wa ka zo ɗauka ba, kai ne za ka gaya mata.

Kafin ka taɓa komai

Duba ƙarshen sunan hotunan. Idan ka ga CR2 ko CR3 Canon ce kuma RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta gani ba a matse shi ba, NEF na Nikon ne, ARW na Sony. In haka ne ka gode wa Allah, aikinka ya zo da sauƙi, domin a RAW ba a riga an dafa launin ba, za ka iya canza wait balans bayan ɗauka kamar tun farko haka ka saita, babu asarar komai. In kuma JPG ka gani, wanda nake kyautata zaton shi ne tunda yawancin sababbin shiga a kai suke barin kyamara, toh akwai gyara amma da lallashi. JPEG matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, RAW kuwa 4096 ne ko 16384 gwargwadon kyamarar. Shi ya sa idan ka ja JPEG da ƙarfi sai ka ga fuska ta yi dabbare-dabbare, bango ya yi layi-layi.

Sannan ka kwafi hotunan asali ka ajiye a wani wuri daban, kar ka yi gyara a kansu kai tsaye. Kuma kar ka yi aiki da waɗanda suka riga suka bi ta WhatsApp, an matse su an zubar da rabin abin da kake buƙata, ka koma kan katin kyamarar.

Yadda nake yi a teburina

Ni manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe mai suna Lightroom nake amfani da ita, akwai ta waya kyauta, Snapseed ma kyauta ce kuma tana da wait balans, a kwamfuta in babu kuɗin Adobe akwai darktable da RawTherapee duk ba a biya. Sunayen madannai ne kawai suke ɗan bambanta.

Ina fara ɗaga hasken gaba ɗaya kaɗan, ba don na gama da shi ba, don dai in ga abin da nake yi, saboda ba ka iya tantance launi a hoto mai duhu. Daga nan sai in ɗauki ɗan alamar nan mai kama da abin ɗiga maganin ido da ke wajen wait balans, in nemi wani abu a hoton da na tabbata a zahiri ba shi da launi, fari ko toka, in danna a kai. Nan take rawayar za ta faɗi. Amma zaɓen abin da za ka danna shi ne aikin. Kowa farar rigar ango yake fara kai wa hannu, kuma sau da yawa ita ke yaudarar mutum, domin fararen kayanmu da yawa ba farare ba ne tsantsa, wani an wanke shi da bula, wani tun daga masaƙa an sa masa sinadarin da ke sa shi ɗaukar ido yana ɗan shuɗi-shuɗi, wani kuma ruwan madara ne. Ka danna mai bula, manhajar za ta ƙara rawaya don ta kashe shuɗin, fuskoki su koma inda suka fito. Kuma kar ka danna wurin da ya ƙone fari fat, babu bayanin komai a wurin. Ni nakan nemi farar kujerar roba, ko tishu a kan tebur, ko farantin tangaran, ko inuwar ninkin rigar inda ta yi toka-toka, in gwada biyu ko uku in ga wanne ya fi kama da gaskiya. Sharaɗi ɗaya, abin ya kasance hasken da ke kan fuskar mutanen shi ne a kansa.

Bayan haka sai in gyara da hannu. Akwai layi biyu, na sama mai shuɗi a hagu rawaya a dama, na ƙasa da ake kira tint mai kore a hagu majenta a dama. Hotunan hol ka ja na saman zuwa hagu, na rumfa ka tura na ƙasan zuwa dama, a hankali, kana yi kana kallon fuska ba riga ba. Ga wata shawara da na daɗe ina ba yarana a shago: kar ka cire rawayar hol duka. Wurin da ma da ɗuminsa aka ƙawata shi, mutanen da suka je sun tuna shi a haka, in ka wanke shi tas sai ya koma kamar ɗakin asibiti. Ka rage har fata ta dawo fata, ka bar ɗan kaɗan.

Ta yaya za ka san fata ta dawo daidai? A kwamfuta idan ka ɗora linzami a kan kumatu ko goshi, lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, za su fito a ƙasan histogiram, wato zanen nan da ke nuna yawan haske da duhun hoto. A fatar mutum, fari ne ko wankan tarwaɗa ko baƙi, ja ne ke kan gaba, kore na bi masa, shuɗi na ƙarshe. In ka ga kore ya kamo ja, akwai sauran rumfa a fuskar. In shuɗi ya taso ya kusa kore, fatar za ta yi fari-fari kamar ta wanda ya sha hunturu bai shafa mai ba. Ka guji aunawa a fuskar amarya don kwalliya tana canza lissafin, ka auna a wuyanta ko a fuskar wani namiji da ke kusa da ita.

Sai a koma kan haske. Histogiram ɗin nan mai kama da tsauni, hagu duhu ne dama haske. Ga hotunan da fuskar ango ta nutse, ka ɗaga shado, wato madannin wurare masu duhu, ka sauke hailait, na wurare masu haske sosai, don rigar kar ta tafi, sannan in fuskar tana buƙatar ƙari ka yi amfani da burushi ko abin zagaye ka haska ita kaɗai. A abin da na saba gani JPEG yana jure ƙarin haske kamar a ninka shi sau ɗaya, wato mataki guda, kafin ya fara tsakuwa-tsakuwa, RAW kuwa mataki biyu ko fiye. In tsakuwar ta fito ka rage ta da abin rage noyis amma kaɗan, in ka cika fuska za ta zama kamar roba.

Nan kuma ina roƙonka abu ɗaya don Allah. Haska fuska daban, canza wa mutum launin fata daban. Ina ganin hotunan biki da yawa yanzu an mayar da amarya baƙa kyakkyawa ta zama wata fara da ko mahaifiyarta sai ta ƙura ido kafin ta gane ta, hannunta mai lalle kuma an manta shi baƙi a ƙasa. Abin yana damuna ƙwarai. Ƙanwarka ce, ka fi kowa sanin kalarta, ita za ka dawo da ita.

Idan ka gama hoto ɗaya ya yi maka, kar ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ka kwafi saitin ka liƙa wa duk waɗanda aka ɗauka a wuri ɗaya da haske ɗaya, sai ka bi kana ɗan taɓawa. Na hol rukuni guda, na rumfa rukuni guda. Aikin kwana uku zai dawo na yamma ɗaya.

Inda gyara yake tsayawa

Rigar da ta ƙone. Idan wurin ya kai 255, wato ƙurewar haske, a duka launuka ukun, babu komai a ciki, zaren aikin wuyan bai shiga kyamarar ba balle a fito da shi. A Lightroom ta kwamfuta ka danna harafin J, duk inda ya ƙone zai yi ja. Ka sauke hailait har ƙasa, in aikin ya fara bayyana alhamdulillahi, a RAW yakan faru. In kuma wurin toka kawai ya koma shafal babu zane, ka mayar da shi yadda yake, farin ya fi wannan tokar kyan gani. Akwai manhajojin AI da za su cike maka wurin, amma ƙirƙira suke yi, aikin da za su zana ba shi ne telan ango ya ɗinka ba, ni dai bana ba mutane irin wannan a matsayin hoton bikinsu. Abin da nakan yi shi ne in yanke hoton in matso kusa da fuskoki, rigar ta ragu.

Na biyu, haske mai gauraye. In DJ ya kunna fitilun nan masu juyawa shuɗi da shunayya, ko filasharka fara ta haska na gaba ƙwan hol ya haska na baya, danna wuri ɗaya ba zai gyara duka ba, ka gyara gaba baya ya ɓaci. Sai dai ka saita don fuskokin, bayan ka bi shi da burushi, ko ka shiga wajen da ake rage launi ɗaya-ɗaya ka rage ƙarfin koren ko shunayyar kawai. Wanda ya gagara kuma hoton yana da muhimmanci, misali lokacin da iyaye ke sa albarka, ka mayar da shi baƙi da fari. Ba kasawa ba ce, sau da yawa ma shi 'yan gida ke cewa a saka musu a firem.

Allon da kake kallo

Wannan ni ya taɓa cina. Shekarun baya na kwana ina gyaran hotunan wani suna, ashe yaro ya kunna min abin nan na kare ido da daddare wanda ke sa allo ya yi rawaya, ni kuma ina ta ƙara shuɗi ina jin daɗi. Da safe aka kai wajen wanki, hotuna sama da ɗari suka fito jariri da mai jego duk shuɗi-shuɗi, da kuɗina na sake wankewa. Tun ranar kafin in fara sai na duba wannan abin a kashe yake, in sa hasken allo a tsakiya ba can sama ba, domin allo mai haske sosai yana sa ka zaci hoto ya isa alhali a takarda duhu zai fito. Kuma duk bayan minti ashirin ko talatin ka ɗauke ido ka kalli waje, ido yana sabawa da launin da ya daɗe yana kallo har ya daina ganinsa.

Biki na gaba

Ka sa kyamara a RAW haɗe da JPEG, ka sayi kati mai girma. Da ka shiga wuri, kafin taro ya kankama, ka ba wani farar takarda ko katin toka ya riƙe a inda ango da amarya za su zauna ka ɗauka sau ɗaya, wannan hoton shi za ka danna daga baya ka liƙa wa sauran. In kyamararka tana karɓar lamba, sa 3000 zuwa 3200 a hol mai jan ƙwai, 5500 a rana. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda ya ƙone, in rigar tana ƙyafta ko'ina ka rage da madannin nan mai +/-, in kuma rigar ta fito toka ka ƙara kamar rabi zuwa ɗaya, kana duba fuska. Hoton ango da abokai ka janye su daga rana tsaka ka kai su inuwar gini mai buɗaɗɗen gaba, ba ƙarƙashin rumfa mai launi ba, kuma kar ka harba filasha sama ta daki rumfa ko silin mai fenti don launin zai dawo musu a fuska. A hol akwai 'yar leda ruwan goro da ake liƙa wa filasha don haskenta ya zo ɗaya da na ƙwan wurin, ba ta da tsada. In kuma ka ga hotuna a jere wani kore wani daidai alhali ba ka canza komai ba, fitilar ce ke ƙyaftawa da wutar lantarkinmu mai 50 Hz, wato mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ka sauke saurin ɗauka zuwa 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa.

Yanzu dai ka zaɓi guda goma mafi kyau ka fara da su, ka fitar da su a sRGB, tsarin launin da yawancin wayoyi da kwamfutoci ke nunawa daidai, ka tura wa 'yan gida a matsayin dokumen ba hoto ba don kar WhatsApp ya matse su, hakan zai sa su ɗan sarara maka. Kafin ka wanke na albam kuma ka kai biyu ko uku a buga maka gwaji, ka fito da su waje ka duba a hasken rana tukuna.